Da aka ce mu koma gida da Inna

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Maradi, kuma lokacin da wannan abu ya same mu na shekara goma sha huɗu ina aikin. Na faɗi haka tun da wuri don a san kurakuran da zan ambata ba na wadda ba ta shiga aji ba ne. Na iya allura, na iya sa ƙarin ruwa ko da jijiya ta ɓuya. Amma jinyar mutumin da likita ya tabbatar ba zai warke ba, a ɗakin mahaifiyata na koye ta, cikin wata biyar.

Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, da na fara aiki kuma ta koma kirana Majo kamar yadda ƴan unguwa ke yi. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta rene mu mu biyar bayan rasuwar Baba. Kunyar nan ta ɗan fari ita ta sa ta ɓoye mini ƙullutun da ya fito mata a nonon hagu fiye da shekara guda. Ƙanwarta kaɗai ta sani, suka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a ɓoye. Wata Juma'a cikin daminar 2022 na shiga ɗakinta ɗaukar darduma, sai na ji wani wari da na sani daga wurin aiki. Na tsaya a bakin ƙofa, jikina ya yi sanyi. Tun kafin ta yarda ta ɗaga mayafin na san abin da zan gani.

Muka kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 600, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a mota, domin can cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take. Aka yanki ɗan nama aka gwada, aka yi hoto. Ciwon ya riga ya wuce nono, ya kama ƙashin baya, ya taɓa huhu. An yi mata shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, sau uku. Kowace tafiya sai ta dawo ta fi yadda ta tafi ramewa, awakinta kuma suka ƙare a kuɗin mota da magani. Cikin watan Nuwamba likitan ya kira ni gefe ya ce, tunda ni ma'aikaciya ce ba zai yi mini kwana-kwana ba: maganin ba ya tsayar da ciwon, wahala kawai yake ƙara mata, mu koma gida. Sannan ya ƙara da cewa kada in ɗauka aiki ya ƙare, nawa ne yanzu zai fara. Ya zauna ya rubuta mini yadda zan bi da ciwon, ya ba ni lambarsa.

Abin da ya bayyana mini a ranar shi ake kira hospis a wasu ƙasashe, ni kuwa jinyar sassauci nake ce masa. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan farko na zamani mai wannan aiki a Landan a 1967. Koyarwarta ita ce ciwon mai jinyar ajali ba na jiki kaɗai ba ne: akwai tsoro, akwai damuwar iyali da kuɗi, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma kowane ɗaya yana ƙara wa ɗaya zafi. A Yuganda, tun 1993 likita Anne Merriman ta nuna cewa ba sai an gina wani gida na musamman ba, ma'aikata na iya bin marasa lafiya gidajensu da ruwan morfin mai araha, wato maganin kashe ciwo mai tsanani, su koya wa dangi sauran aikin. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa irin wannan kulawa ta shiga cikin aikin lafiya na kowace ƙasa. Ni ban sami gidan da zan kai Inna ba, ɗakinta ne ya zama hospis ɗinmu, mu ne kuma ma'aikatansa: ni, ƙanwata, ƙanwar Inna da muke kira Iya, da ƙanena mai ɗaukar nauyin magani, sai likitan ta waya.

Kuskurena na farko shi ne na ɓoye mata. Na ce an ba mu hutu ne, za mu koma bayan wata biyu. Mako uku muka yi a haka, kowa na shiga da fara'ar ƙarya, ita kuma tana kallonmu. Wani dare ina gyara mata matashi ta ce, "Ke, tafiyar nan ta Yamai ta ƙare ko?" Na yi shiru. Ta ce, "To ki kira mini kawunku, akwai kuɗin mutane a hannuna." Ashe tun a mota ta gane. Da na ci gaba da ɓoyewa, da na hana ta biyan bashinta da bakinta. Ba na cewa a faɗa wa kowane mara lafiya kai tsaye, wani ba ya son ji, kuma haƙƙinsa ne. Hanyar ita ce a tambaye shi me shi ya fahimta game da jikinsa, a saurara, a ba shi gwargwadon abin da ya nema. Amma in ya yi tambaya, ƙarya ba tausayi ba ce, kaɗaici take jefa shi.

Sai maganar ciwo, wadda ita ce uwar aikin duka. Bahaushe ko yana mutuwa in ka ce masa "Ya jiki?" zai ce "Da sauƙi." Da wannan amsa ba a auna ciwo. Na koya wa Inna amfani da hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa ɗaya kaɗan ne, yatsu biyar ciwon da ya fi kowane. Ranar farko, bakinta na cewa da sauƙi, ta ɗaga mini yatsu huɗu. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, domin wata nawa ke nan ina karɓar "da sauƙi" ina wucewa. Daga nan na sayi littafi na ƴan makaranta, muka riƙa rubuta lokaci, da yawan yatsu, da maganin da aka ba ta, da ko ta yi bayan gida. Duk wanda ya karɓi jinya sai ya duba littafin kafin ya taɓa komai.

Maganin ciwo hawa-hawa ne, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986. Ana farawa da farasetamol, ga babba giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini, wanda ya rame sosai ko yake da ciwon hanta ma a rage masa. Ciwon ƙashi ya fi jin irin su ibuprofen, bayan an ci abinci, amma suna iya cin ciki har ya yi jini, suna kuma taɓa ƙoda. Mu mun daina ba ta shi da ta fara kukan zafin ciki. In waɗannan ba su isa ba sai a hau kodin ko tramadol na farmasi, shi tramadol ɗin ba ya wuce miligiram 400 a yini. In shi ma ya gaza, morfin ne. Akwai kuma ciwon jijiya, mai kama da ƙuna ko tsirar allura, irin wanda ya riƙa sauko mata daga hamata zuwa yatsu. Shi wannan ba ya jin morfin sosai, ƙaramar ƙwayar amitriptilin da dare ce ta kwantar da shi, ita ma sai da ta ɗauki kwanaki kafin mu ga aikinta.

Da aka zo kan morfin gidan ya rabu biyu. Ƙanena ya ce shi ba zai sayi abin da zai mayar da mahaifiyarsa kamar samarin da tramol ya lalata ba. Iya ta ce ta ji in an fara shi, kwana ya ƙare. Ni kaina sai da na riƙe takardar kwana tara ban saya ba, kuma kwana taran nan Inna ba ta yi barcin kirki ba. Har gobe suna damuna. Gaskiyar ita ce morfin da likita ya auna wa mai ciwo mai tsanani, aka ƙara shi sannu a hankali, ba ya gajarta kwana kuma ba ya mayar da mutum ɗan maye. Abin da ya sa ake ganin kamar yana kashewa shi ne ba a ba da shi sai ana saura kwana ɗaya ko biyu. Inna ta sha shi kusan wata huɗu, da hankalinta, tana lazimi, tana yi wa jikoki faɗa. Ƙwayar da ake tallarta a faranti kuwa ba ta shiga wannan magana, ba wanda ya san abin da ke cikinta ko ƙarfinta.

Samunsa ma aiki ne. Takardarsa daban ce, ba kowane farmasi ke ajiye shi ba, don haka ba a jira sai ya ƙare. Da ya rage na mako guda muke fara neman wani, domin in aka yanke shi kwatsam ciwon na dawowa da ƙarfi, ga gumi da gudawa da rashin natsuwa.

Yadda ake ba da shi shi ne inda yawancin gidaje ke kuskure, kuma ni ma na yi. Na riƙa jira sai ta yi nishi in ba ta. Morfin mai saurin aiki awa huɗu yake yi a jiki, saboda haka da agogo ake ba da shi, ko da ciwo ko babu, don sabon ya tarar da tsohon bai gama fita ba. In aka bari ciwo ya farka, kwantar da shi na cin magani fiye da hana shi tashi. Likitan ya fara mata da miligiram 5: ƙarfe 6 na safe, 10 na hantsi, 2 na rana, 6 na yamma, sai 10 na dare a ninka don kada a tashe ta ƙarfe biyun dare. Muka sa ƙararrawa a waya. In ciwo ya ɓullo a tsakani, akwai ƙarin awo ɗaya daidai da na awa huɗu, a ba ta a rubuta. In ƙarin nan ya kai uku a yini, alama ce awon ya yi kaɗan, sai in kira likitan ya ƙara. Haka muka tashi daga 5 zuwa 15 cikin wata uku. Rabin awa kafin wankin ciwo ko wanka ma muna ba ta ƙarin, kada a taɓa ta da ciwo a farke. Kwana biyu ko uku na farko ta yi ta gyangyaɗi da tashin zuciya, wannan yakan wuce da kansa. Abin da ake tsoro daban ne: barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, numfashi ya ragu ƙasa da goma a minti, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, jiki na zabura. In an ga haka a tsallake awo na gaba a kira likita nan take.

Abin da ba ya wucewa shi ne bushewar ciki. Duk mai shan morfin sai cikinsa ya ɗaure, don haka ranar da aka fara shi ranar ake fara maganin sakin ciki. Ni na yi sakaci, Inna ta yi kwana shida ba ta zagaya ba, kunya kuma ta hana ta faɗa. Cikin ya kumbura, ta fara amai, ta rikice har muka zaci ciwon ne ya hau kai. Sai da na sa safar hannu da basilin na fitar da shi da yatsa. Ita da ba ta taɓa kama sunana ba, ranar ta juya fuskarta bango, ni ma ban iya kallonta ba. Tun daga nan ba ma bari a wuce kwana uku. Wani lokacin kuma ruwa-ruwa ne ke zubowa ta gefen busasshen kashin, dangi su zaci gudawa ce su ba da maganin tsayar da ita, abin ya ƙara lalacewa. Gwanda, miyar kuka da ta kuɓewa, da ruwa kaɗan-kaɗan sun taimaka, amma ba su maye gurbin maganin ba.

Ciwon nonon ya buɗe, kuma warinsa ya fi zafinsa cin ranta. Ta hana jikoki shiga, ta daina yarda maƙwabta su zauna kusa. Irin wannan gyambo ba warkewa zai yi ba, abin nema shi ne tsabta da kashe wari da hana jini. Muna tafasa ruwa rabin lita, mu zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, mu bar shi ya huce. Tsohon bandeji ba a fizge shi, sai an jiƙa shi da ruwan gishirin ya saki da kansa, in ba haka ba jini zai ɓalle. A zuba ruwan a hankali, ba a gurzawa, ba a sa alkol ko wani abu mai zafi. Sannan a daka ƙwayar metronidazol, wadda aka fi sani da Flagyl, ta zama gari, a barbaɗa a kan ciwon. Ƙwayoyin cutar da ke kawo warin su take kashewa. Cikin kwana uku warin ya ragu har ƴar autar ƙanwata ta koma kwanciya a gefenta. Ƙyallen da zai taɓa ciwon muna shafa masa basilin don kada ya manne. Mun ajiye kaskon gawayi marar wuta a ƙarƙashin gado, yana shan wari, muka rage turaren wuta domin hayaƙinsa na sa ta tari. Kusa da gado kullum akwai baƙin zane a ninke: in jini ya zo a danna da shi a hankali minti goma ba a ɗagawa, baƙi kuma don kada ganin jan jini ya firgita ta. Zannuwan da suka ɓaci a jiƙa su cikin ruwan jabel, wato bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, kafin a wanke, a shanya a rana.

Daga watan Fabrairu ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Wanda ya kwanta ba ya juyawa da kansa, gyambon kwanciya na iya kama shi cikin yini ɗaya, kuma in ya buɗe a jikin da ya rame da wuya ya rufe. Duk awa biyu ake juya shi da rana, da dare a ɗan tsawaita in yana barci: gefen dama, rigingine, gefen hagu, ba a kan ƙashin kwatangwalo sosai ba, a ɗan kishingiɗe da matashi a baya. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. Ba a jan mutum a kan shimfiɗa, fatar na saɓulewa. Zane muke ninkawa a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama su ɗaga. Kowace safiya ina duba tsatso, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da bayan kunne. In wuri ya yi ja ko ya yi duhu, aka danna bai canza ba, gyambo ne ke shirin fitowa. Kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai. Leda a ƙarƙashin zane take zama, ba a jikin fata ba, musamman da zafin bazara ya shigo, kuma zane ya zama a miƙe, ko ƙwayar shinkafa ɗaya kada a bari a kai. Bayan wanka man kaɗe. Inna ta yi wata biyu a kwance, Allah ya taimake mu fatarta ba ta buɗe ba.

Abinci shi ne inda muka fi samun saɓani da dangi. A wurinmu ciyar da mara lafiya shi ne nuna ƙauna, in ya ƙi ci sai hankalin kowa ya tashi. Iya takan zauna da kwanon fura tana lallashi har ta kai ga ɗure. Amma ciwon daji da ya yi nisa shi ke kashe sha'awar abinci, ba yunwa ce ke ramar da mutum ba, kuma ɗure ba ya ƙara masa kwana. Abin da yake jawowa shi ne amai da shaƙewa, abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Muka koma cokali uku ko huɗu na abin da ranta ke so, kunun gyaɗa, romo, kankana, a ƙaramin kwano, tana zaune a jingine, kuma ta zauna haka rabin awa bayan ta ci. Wani lokaci ma ba ciwon ne ya hana ci ba, baki ne. Na duba na ga harshenta ya yi fari kamar an shafa nono, haɗiya na yi mata zafi. Ruwan nistatin ya gyara shi cikin mako. Safe da yamma da bayan kowane ci muna goge bakin da ƙyalle mai laushi a naɗe a yatsa, a jiƙe da ruwan gishiri kaɗan, leɓe kuma a shafa basilin.

Masu dubiya alheri ne, amma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar mutum goma sha biyar da mai numfashi da ƙyar. Kawu ne ya ɗauke mana wannan nauyi, domin ni ba zan iya hana manya shiga ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ana shiga biyu-biyu bayan la'asar, a gaisa a yi addu'a a fito. Kowa kuma da maganin da ya zo da shi. Rubutu da tofi da zamzam ba mu taɓa hanawa ba, suna kwantar mata da rai. Abin da na tsaya a kai shi ne ba a shafa komai a kan gyambon, ba a kuma ba ta jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Wani ɗan'uwa ya zo da labarin mai magani a hanyar Katsina da ya ce zai warkar da ita in an sayar da filinta. Muka kai maganar gabanta, tunda jikinta ne kuma filinta ne. Ta ce ta gaji da mota, filin kuma na marayun ƙanenmu ne da ya rasu.

Ta kira Kawu da limamin unguwa ta yi wasiyya, aka rubuta, ta lissafa masu binta da waɗanda take bi, har da kuɗin adashi. Limamin ya nuna mata yadda za ta yi taimama da salla a kwance, da nuni, domin rashin iya alwala ya fi komai damunta. Ta aika aka kira wata maƙwabciya da suka shekara ba sa magana. Daren ranar yatsa ɗaya ta ɗaga mini, alhali ba mu ƙara ko miligiram ɗaya ba.

Mu masu jinya ma sai da muka tsara kanmu, bayan ƙanwata ta faɗi a bakin murhu don rashin barci. Muka raba dare biyu, kowace kuma tana da yini ɗaya a mako da ba ta shiga ɗakin sai gaisuwa. Akwai daren da na ji a raina ina ma Allah ya ɗauke ta ta huta, na kwana ina ganin kaina azzaluma. Daga baya na ji kusan duk wanda ya yi doguwar jinya ya taɓa jin haka. Gajiya ce da tausayi.

Azumin 2023 ya kama cikin watan Maris, da zafinsa. A mako na uku na ga alamun da na sani. Barci ya yi yawa, ta daina karɓar ko kunu, fitsari ya ragu ya yi duhu, tafin hannu da ƙafa suka yi sanyi. Na tara ƴan'uwana na faɗa musu abin da za su gani tun kafin su gan shi, don kada a ruɗe a ɗauke ta a guje zuwa asibiti ta cika a hanya, ita da ta roƙa a bar ta a ɗakinta. Ƙanena ya ce in sa mata ƙarin ruwa. Ga robar, ga hannuna da ya saba, kuma ba abin da ya fi mini sauƙi. Amma a wannan gaɓa jiki ba ya iya sarrafa ruwan, ƙafa yake kumburawa, ya taru a ƙirji ya ƙara wahalar numfashi. Ƙishin da ake gani na bushewar baki ne, sai muka riƙa jiƙa mata leɓe da harshe da ɗanyen ƙyalle duk bayan ƴan mintoci. Da numfashi ya yi nauyi muka ɗaga kanta da matasai, muka buɗe taga, ana yi mata fifita a fuska, iskar da ke bugun fuska na rage jin shaƙewa. Morfin ba mu tsayar ba. Da haɗiya ta gagara, likitan ya mayar da shi allura ƙarƙashin fata, rabin awon da take sha ta baki.

Kwana biyu na ƙarshe numfashin ya riƙa tsayawa ya dawo, sai kuma gargara ta fara. Majina ce da ba ta iya haɗiyewa, ta fi damun mai ji fiye da mai yi. Muka kwantar da ita a gefen dama, fuskarta na kallon gabas, muna goge abin da ya fito. Na hana a yi kuka ko maganar gado a kanta, domin ana kyautata zaton mutum na ji ko da ba ya amsawa. Iya ta zauna wajen kanta tana maimaita kalmar shahada a hankali, ba tare da ta ce mata "faɗi" ba. Bayan sallar asuba, hannunta cikin nawa, ta ja numfashi ɗaya, na jira na gaba bai zo ba. Na duba agogo kamar yadda na saba a wurin aiki, sannan na rufe mata ido na ɗaure haɓarta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan addu'ar bakwai na tattara sauran morfin na mayar inda aka ba mu, domin ba abin ajiyewa ba ne a gidan da yara ke shiga, ba kuma a ba wa wani don shi ma yana ciwo. Likitan ya kira ya yi mana gaisuwa, ya sake kira bayan arba'in ya tambayi yadda ƙanwata take, don ya san ita ta fi shiga damuwa. Na yi wata uku ina farkawa ƙarfe goman dare da shidan safe ko ba ƙararrawa.

Yanzu in an sallamo wani a unguwa aka ce a koma gida, akan aiko a kira ni, nakan je ranar Asabar bayan la'asar. A jakata akwai safar hannu, basilin, gishiri, da sabon littafi na ƴan makaranta. Magani ba ni ke rubutawa ba, likitan mara lafiyan nake sa su kira muna tare. Makon jiya wani dattijo ne a Sabon Gari, mai ciwon mafitsara da ya kai ƙashi. Na gaishe shi na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Na durƙusa na nuna masa hannuna, na bayyana masa yatsun. Ya dubi ƴaƴansa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya fito da hannunsa daga cikin bargo ya buɗe biyar.